Daga Ƙanƙara zuwa bakin teku: Yadda ake ziyartar Legas da ƙaramin guzuri

Kusan babu makon da zai wuce ba a loda tireloli daga kasuwannin kudancin Jihar Katsina zuwa Kurmi ba. Shanu daga kasuwar Sheme da ke Faskari, masara da dawa daga Ɗandume da Sabuwa, tumatir da tattasai daga Danja, duk akwai kason da ke ƙarewa a Legas. Sai dai da yawa daga cikin masu kayan ba su taɓa sa ƙafa a birnin ba, waɗanda suka je kuma galibi daga kasuwa sai masauki, daga masauki sai tasha, har su dawo ba su ga tekun da ake ta ba da labari ba. Ma'aikacin gwamnati a Ƙanƙara ko Funtuwa shi ma abin da ya fi ji game da Legas shi ne tsada da cunkoso da ƙwace.

Duk waɗannan akwai su. Amma tsadar ba ta game birnin baki ɗaya ba, tana da unguwanninta da lokutanta. Wanda ya san inda zai kwana, da motar da zai hau, da watan da zai tafi, zai iya yin kwana huɗu ko biyar ya ga tsohon gari da manyan kasuwanni da bakin teku, ba tare da ya taɓa jarinsa ba.

Birnin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe

Yarbawa na kiran garin Eko, daga nan Hausawa suka samo Ikko. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka laƙaba masa, ma'anarsa tafkuna, saboda ruwan da ya kewaye tsibiran wurin. Ingila ta karɓe garin a 1861 a zamanin Oba Dosunmu, ya zama babban birnin Najeriya bayan haɗewar 1914, ya riƙe wannan matsayi har ranar 12 ga Disamban 1991 da aka koma Abuja. Jihar Legas ce mafi ƙanƙantar ƙasa a tarayya. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar kuma ta daɗe tana cewa sun haura miliyan 20.

Tarihin Hausawa a can ya girmi Najeriya kanta. A 1863 Baturen mulki John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya da 'yan sandanta. Unguwar Obalende, wadda ta yi suna da tsire da balangu, ta samo asali ne daga matsugunin irin waɗannan sojoji. Agege kuwa goro ne ya kafa zangonta. Da layin dogo ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911, fatauci ya sauka daga bayan jaki ya hau tarago: shanu su gangara, goro ya hauro. Har yau Yarbawa na kiran irin goron da Arewa ke ci da sunan “gbanja”, wato Gwanja, ƙasar da fataken Hausa suka fara ɗauko shi.

Amfanin wannan tarihi ga matafiyi na yau a fili yake. A Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Ijora da mayankar Oko-Oba akwai masallatai da masu shayi da masu tuwo, akwai Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, kuma da wuya a rasa ɗan Funtuwa ko ɗan Malumfashi. Mutum na iya wuni a Mile 12 bai yi wani harshe ba sai Hausa.

Hanya ita ce babbar dawainiya

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa ya zama kaso mafi nauyi a guzurin mai ƙaramin ƙarfi, ya fi na abinci nesa ba kusa ba. Farashin na motsi da kuɗin mai da kuma lokacin Sallah da Kirsimeti, don haka a tasha ake jinsa, a makon tafiya.

Funtuwa ce mahaɗa. Na Sabuwa zai biyo ta Ɗandume, na Faskari ya biyo titin Gusau, na Ƙanƙara ya zaɓi ta Sheme ko ya zagayo ta Malumfashi, gwargwadon labarin da direbobi suka bayar a safiyar. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyinsu. Wannan zangon farko da rana tsaka ake yinsa, ko da hakan zai sa a kwana a Funtuwa ko Zariya. Kuɗin kwana ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin fansa.

Daga Funtuwa hanya biyu ce. Gajeriyar ta bi ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo da Ibadan, ba ta gaza kilomita 800 ba. Ita ce tsohuwar hanyar manyan motoci. Shekaru da dama matsalar tsaro ta sa an ƙaurace wa sashen Birnin Gwari, kuma duk da sulhun da Gwamnatin Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanun garin, mai hankali na tambayar direbobin da suka biyo ta jiya kafin ya yanke shawara. Da damina kuma sashen Jihar Neja na lalacewa, kamar yadda ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta nuna. Doguwar hanyar ta bi ta Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Okene, Akure da Ibadan, ta haura kilomita 1,000, kuma ita ce da yawa daga manyan bas-bas na fasinja ke bi. Ko wacce aka ɗauka, a ƙiyasta wuni da kwana a mota.

Akwai hanya ta uku da ta fi duka araha, wadda ya kamata a ambata don a guje ta: hawa saman tirelar shanu ko ta hatsi. Matasa da yawa na yin haka don direba na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha hanawa, domin idan irin wannan mota ta faɗi, gawarwaki da dama ake kwashewa a lokaci guda, mutane da dabbobi a cakuɗe. Ban da haka, tirela cike da matasa ita ce ta fi jawo tsayarwa a shingayen jihohin Yarbawa, inda rundunar Amotekun ke aiki tun 2020. Kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, waɗanda aka tare a cikin babbar mota, bai faru a hanyar Legas ba, amma ya nuna yadda zargi ke saurin zama ajali ga baƙon da ba a san shi ba. Matafiyi ya riƙe takardar lambarsa ta ɗan ƙasa, ma'aikaci ya haɗa da katin wurin aiki, ɗan kasuwa da katin ƙungiya. Wuƙa ko adda, ko da ta sana'a ce, a bar ta a gida.

Jirgin ƙasa na tsohon layi, wanda ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, ya daɗe da daina zama abin dogaro ga fasinja. Amma sabon layin Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kilomita 157, yana aiki tun Yunin 2021. Tasharsa ta Ibadan na Moniya, a gefen hanyar Oyo, wato daidai inda mai zuwa daga Ilorin ke shigowa. Wanda ya sauka nan ya hau jirgi ya tsallake cunkoson mashigar Legas, ya sauka a Agege ko Ebute Metta.

Inda za a kwana

Legas kashi biyu ce a wajen farashi. Akwai tsibirai da gaɓar teku, wato Ikoyi, Victoria Island da Lekki, inda kwana ɗaya a babban otal kan haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Akwai kuma ɓangaren tudu, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Surulere da Ketu, inda mafi yawan jama'a ke zaune. Mai ƙaramin guzuri a tudu yake kwana, ya riƙa shiga tsibiri da safe yana fitowa da yamma, kamar yadda ma'aikatan birnin ke yi.

Ɗan kasuwa na da wata gata da ɗan yawon buɗe ido na wata ƙasa ba shi da ita, wato tsarin maigida. Tun zamanin fatauci, baƙon da ya kawo kaya zango na sauka ne a wurin fatoma ko maigida, wanda zai ba shi makwanci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi, shi kuma ya samu la'ada. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a 1969 kan yadda wannan tsari ke tafiyar da cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan. Tsarin ya sauya kama, amma bai mutu ba. Wanda zai tafi ya nemi lambar ɗan garinsu da ke can ta hannun shugabannin kasuwarsu, ya kira tun kafin ya tashi, ya faɗi kwana nawa zai yi. Kada ya manta ɗakin Legas ƙarami ne kuma haya ake biya. Kwana uku karamci ne, mako biyu ɗora nauyi ne. Ɗan buhun gero, ko daddawa da kuka da man shanu, sun fi kuɗi daraja a wurin mai masauki.

Mai tafiya da iyali, ko ma'aikacin da ba ya son takura kowa, zai samu ƙananan gidajen saukar baƙi a Agege da Ikeja da Yaba. A duba ɗaki kafin a biya, a tambayi awa nawa ake kunna janareto da ko akwai ruwa a famfo. Wasu masu arahar mashaya ce a ƙasa, ɗakuna a sama, kiɗa har asuba. Wannan ma abin tambaya ne.

Abinci bai kamata ya tayar da hankali ba. A unguwannin Hausawa akwai tuwo da waina da shayi da burodin Agege, wanda sunansa ya zagaye ƙasa. Amma wanda ya yi tafiyar kilomita dubu ya ƙare a tuwon masara ya cuci kansa. Amala da miyar ewedu, wake mai yaji da ake kira ewa agoyin, da ɗanyen kifin teku, duk ana samunsu da sauƙi a ƙananan gidajen abinci. Musulmi na da yawa ƙwarai cikin Yarbawan Legas, kuma Hausawa ne ke da babban hannu a harkar nama a Oko-Oba, amma ba laifi a tambayi irin naman da ke tukunya.

Katin Cowry da motar ɗanfo

Abu na farko da baƙo zai saya shi ne katin Cowry, wanda ake zuba wa kuɗi a tashoshi. Da shi ake hawa manyan bas na BRT da jiragen ƙasa na cikin gari da jiragen ruwan gwamnatin jihar. BRT ta fara a Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, yanzu ta miƙe har Ikorodu, akwai kuma layin Oshodi zuwa Abule Egba. Tana da nata titi da aka keɓe, farashinta a ƙayyade yake, ba ciniki ba rigima da kwandasta.

Jiragen ƙasa biyu sun sauya lissafi. Shuɗin layi, mai aiki da lantarki, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, yana tsallake ruwa yana wucewa ta gaban Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da aka gina don bikin FESTAC na 1977. Ko don kallo kaɗai ya cancanci kuɗinsa. Jan layi ya fara a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ga wanda ya sauka a Agege wannan babban sauƙi ne, sai dai zirga-zirgarsa ba ta kai ta shuɗin yawa ba, a nemi jadawali tun da dare.

Inda waɗannan ba su kai ba sai ɗanfo, ƙananan bas masu ruwan ɗorawa da baƙin zane. A tambayi kuɗi kafin a shiga, a riƙe canji, idan an iso a ce “owa” da ƙarfi. A tasha ake hawa. Motar da ta tsaya a gefen titi da mutum uku ko huɗu a ciki tana kiran saura mutum ɗaya, musamman da asuba ko bayan isha, ita ce tarkon da mutanen gari ke kira “wan cans”: fasinjojin ɓarayi ne, za su ƙwace waya su tilasta wa mutum ya kwashe asusunsa. Acaɓa kuma, duk da cewa 'yan Arewa ne da yawa ke yinta, an haramta ta tun Yunin 2022 a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu, kuma dokar ta shafi fasinja kamar yadda ta shafi direba. Haka nan tsallaka babban titi a ƙasa alhali ga gadar masu tafiya a ƙafa na iya kai mutum kotun tafi-da-gidanka. Tarar da za a ci shi ta isa kuɗin abincin kwana biyu.

Cunkoso na da alƙibla. Da safe kowa na nufar tsibiri, da yamma kowa na fitowa. Baƙon da ba ofis zai je ba ya bari sai wajen ƙarfe goma ya shiga, ya fito kafin huɗu. Ya yi ƙoƙari ko sau ɗaya ya bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Daga kanta ana hango Makoko, unguwar masunta 'yan ƙabilar Egun da ke kan turaku a cikin ruwa.

Wuni guda a ƙafa cikin tsohon gari

Mafi daɗin abin kallo a Legas kusan kyauta ne, kuma a cikin tsibirin Legas yake, inda komai ke kusa da juna. Wanda ya sauka a CMS ko Marina na iya gamawa a ƙafa.

A titin Nnamdi Azikiwe Babban Masallacin Legas yake, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Tafiya kaɗan daga nan, a titin Martins, akwai wanda ya fi shi tarihi, Masallacin Shitta-Bey na 1894. Labarin wannan ƙaramin gini ya tattara irin cakuɗuwar birnin. Wanda ya ba da kuɗin, Muhammad Shitta, attajiri ne haifaffen Saliyo, daga zuriyar bayin da aka 'yanta. Wanda ya jagoranci ginin, João Baptista da Costa, yana cikin waɗanda suka dawo daga Brazil. Ranar buɗewa Gwamnan Ingila Gilbert Carter ya halarta, kuma wani lauya Bature Musulmi daga Liverpool, Abdullah Quilliam, ya zo da saƙon Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, wanda ya ba Shitta sarautar “Bey”.

Waɗannan da suka dawo daga Brazil, da ake kira Aguda, suna da unguwarsu a kewayen dandalin Campos. Sun zo da sana'ar gini da kafinta, da sunaye irin su Da Silva da Da Rocha, wasunsu Katolika, wasu Musulmi. Labarinsu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin cikin bayin da aka kai Bahia a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, kuma bayan boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador a 1835 an koro wasu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Gidan Ruwa na iyalin Da Rocha a titin Kakawa na nan tsaye. Gidan Ilojo Bar kuwa, wanda ke cikin kayan tarihin ƙasa, an wayi gari an rushe shi a 2016, abin da ke nuna cewa wanda ke son ganin sauran kada ya jinkirta.

Daga dandalin Tinubu a gangara titin Broad zuwa Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, kuɗin shiga kaɗan ne. Gaba kaɗan sai Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960. Kusa da shi, a Onikan, Gidan Tarihi na Ƙasa yake, wanda aka kafa a 1957. Akwai sassaƙen Nok da na Ife da Benin, amma inda ɗan Arewa ya fi daɗewa a tsaye shi ne gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsasai na nan a jikinta.

Ɗan kasuwa ba zai bar tsibirin bai kutsa Balogun da Idumota ba, inda atamfa da leshi da takalma ke cike da benaye da lunguna. Sauran kasuwannin sun rarrabu, kowacce da ƙabilar da ta fi ƙarfi a ciki: Alaba International ta kayan lantarki da Ladipo ta kayan gyaran mota, inda Ibo suka yi kaka-gida, Computer Village a Ikeja ta waya da kwamfuta, Katangowa a Abule Egba ta gwanjo, ga rukunin shagunan 'yan Chana a Ojota, ga Kwarori da Indiyawa da suka daɗe a harkar masana'antu. Ranar farko ta tambayar farashi ce kawai. Mai jan hannun baƙo yana cewa zai kai shi shagon ɗan'uwansa ya riga ya ɗora nasa a kan kuɗin. Waya ko na'ura a gwada ta a gaban mai shago, a karɓi rasiɗi mai adireshi. Kuɗi kuma a bar su a asusu, a riƙa tura wa mai kaya ko a cira kaɗan-kaɗan a wurin masu POS.

'Yan kalmomi na buɗe ƙofa. “E kaaro” ina kwana, “e se” na gode, “elo ni” nawa ne. Bahaushe zai yi mamakin jin alubosa da alubarika da wahala da alafiya a bakin Bayarabe. Idan an kira shi “aboki”, wani da zuciya ɗaya yake faɗa, wani da raini, kuma ba kowanne ne ya cancanci amsa ba. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda ya ci rayuka ya sa aka rufe kasuwar, daga ƙaramar hatsaniya ya faro. Baƙo ba ya shiga taron faɗa ko da ya ji ana Hausa a ciki.

Teku

Tsofaffin da suka yi zaman Ikko za su ce a je Bar Beach. Babu ita yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Wuraren shaƙatawa na gaɓar Lekki, irin su Elegushi, kusan duk na kuɗi ne: a biya a ƙofa, a biya kujera, wani wurin a hana shiga da abinci. Ranakun aiki da safe sun fi sauƙi da natsuwa, Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da giya, wanda ba kowane mai iyali zai so ba. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma ruwanta ya fi kwanciya saboda shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa. Ba a shiga kwalekwale ba rigar kariya, ba a kuma hawansa bayan magariba.

Wanda ya koyi iyo a dam ɗin Mairuwa ko a gulbin ƙauyensu kada ya ɗauka ya iya teku. Igiyar Atlantika a wannan gaɓa na da ƙarfi, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki, kuma tana cin ƙwararru ma. Ruwa ya tsaya a idon sawu, yara kuma a riƙe hannunsu.

Mai son teku da tarihi a tafiya ɗaya, kuma da araha, Badagry zai nufa. Daga Mile 2 ake samun mota, a bi ta gaban Alaba Rago da Jami'ar Jihar Legas, a doshi iyakar Jamhuriyar Benin. Wuni guda take ci, a fita da sassafe. Garin tsohuwar tashar cinikin bayi ce. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ko da yake mutumin da ya san sorayen Kano da Katsina na da ta cewa a kan wannan. Akwai gidan tarihin iyalin Mobee mai sarƙoƙi da marin bayi, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi, daga baya kuma Sarkin Musulmin Badagry. “Seriki” ɗin nan Sarki ne na Hausa. Daga nan a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin yashi da itatuwan kwakwa har zuwa inda ake loda mutane a jirgi, wurin da ake kira mashigar da ba a dawowa. A yi cinikin kuɗin ɗan jagora da na kwalekwale, zuwa da dawowa, tun kafin a tashi.

Idan guzuri ya yi saura, Cibiyar Kare Halittu ta Lekki, wadda aka kafa a 1990, na da birai da gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa. Gidan zane-zane na Nike, shi ma a Lekki, shiga kyauta ne.

Wata da lissafi

Damina a Legas na farawa tun Afrilu, ta yi tsanani a Yuni da Yuli, lokacin da tituna ke cika da ruwa, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Disamba ba ruwa, amma shi ne watan da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu, kuɗin ɗaki da na mota su yi tashin gwauron zabo. Tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ya fi dacewa: hanya a bushe, farashi ya sauko, manomin Sabuwa ko Faskari ya sayar da amfani, ma'aikaci kuma na iya daidaita hutunsa na shekara. Makonnin da ke gaban Babbar Sallah na masu raguna ne, masauki a Agege na cika maƙil.

Kuɗin komawa shi ake fara warewa, a ƙara masa wani abu don farashi na iya tashi kafin a juyo, a ajiye shi inda hannu ba zai kai ba, ko a bar shi wurin wani amintacce a gida ya turo ranar tafiya. A zangunan Legas akwai mutanen da suka zo mako ɗaya suka shekara saboda sun cinye kuɗin mota. Abin da ya rage a raba shi bisa kwanaki, a kuma bar kason ko-ta-kwana don zazzaɓi ko ɓatan waya. Lambar mai masauki da ta gida a rubuta su a takarda a sa a aljihu.

Wanda ya yi sayayya mai nauyi ba sai ya biya mata kujera ba. Motocin da suka sauke hatsi da dabbobi na neman lodin komawa, kuma a Mile 12 da Agege da Iddo akwai masu haɗa kaya zuwa Zariya da Funtuwa. A rubuta suna da lamba a jikin kowane ƙunshi, a karɓi takardar lodi da lambar direba. Tsarabar yara kuwa, kwakwar Badagry da busasshen kifi na jure hanya. Burodin Agege ba ya kai Funtuwa da laushinsa, a Ibadan ake cinye shi.